Wakilin Wakilin Darakta

Shekara ashirin da shida ke nan ina rubuta bayanin taro a Ofishin Daidaita Ayyukan Ma'aikatu, kuma in gaya muku gaskiya, ko ƙafar teburinmu ba mu daidaita ba, har yau da ninkakkiyar takarda ake tokare ta. Aikina in zauna a kusurwa da biro da littafi, manya su yi ta zuba, ni kuma in gyara musu. Idan sun zagi juna, in rubuta "an yi musayar ra'ayi". Idan wani ya buga tebur ya fice, in rubuta "an ɗage zaman". Shi ya sa kowa a ginin, daga mai gadi har darakta, Anti Biro yake kirana. Ban taɓa sa abin da suke yankewa ko suke kasa yankewa a raina ba, sai da maganar asibitin haihuwa na unguwarmu ta hau teburin.

Asibitin nan wata goma sha ɗaya ke nan da gama shi. An yi masa fenti fari da shuɗi, an sa tagogi, har da benci na siminti a bakin ƙofa. Daga ƙofar gidana ana hango rufinsa. Amma wani ƙaton kwaɗo ne a jikin ƙofar, awakin unguwa ne suke hutawa a barandar. Ni kuwa autata tana ɗauke da ciki wata bakwai ba 'yan kwanaki, kuma shi ne na biyu.

Na farkon, shekara biyu da suka wuce, naƙuda ta kama ta da hantsi. Muka sa ta a mota muka nufi babban asibiti da ke ƙetaren gada, muka faɗa cikin cunkoson motoci, awa biyu da rabi ba gaba ba baya, kanta a kan cinyata. Kafin mu isa, yaron ya koma. Ba na son faɗin wannan maganar, na faɗe ta ne don ku san abin da ke cina. Tun ranar da ta ce mini, "Mama, na sake samu," tsoro ya shige ni. Ina dariya da shi, ina cin abinci da shi, ina zuwa ofis da shi. A ƙetaren gada ba mu da kowa balle a ce ta je ta zauna kusa da asibiti. Abin da nake so ɗaya ne, kafin watanta ya kama a cire kwaɗon nan.

To me ya hana? Ku saurara ku sha mamaki. Ginin yana hannun Sashen Ayyuka, su suka gina shi. Sun ce ba za su miƙa makulli ba sai Sashen Lafiya ya kawo ma'aikatan da za su karɓa. Lafiya sun ce ba za su kai ma'aikata gidan da babu ruwa ba. Sashen Ruwa kuma sun ce ba za su jona bututu ba sai an miƙa ginin, don su san sunan wa za su rubuta a mita. Haka aka yi ta zagaye, fayil ya yi ƙiba har sai da aka ɗaure shi da igiya biyu.

Wannan abin da ke rubuce ke nan. Abin da ba a rubutawa kuwa almakashi ne, wato wa zai yanke ƙyalle ranar buɗewa. Daraktan Ruwa 'yar Minista yake aure, kuma ya riga ya yi wa surukinsa alkawari. Daraktan Ayyuka, wanda muke kira Injiniya, shugaban jam'iyya ne ya ɗora shi a kujerar, dole ya saka masa. Daraktar Lafiya kuwa, Dakta, ba ta da uba a siyasa, amma ajinsu ɗaya da Babban Sakatare tun firamare, kuma a ganinta asibiti nata ne, ita za ta zaɓi mai riƙe almakashi. Duk wanda ya fara sa hannu a cikinsu, ya yarda ke nan shi ne ƙarami.

Shugaban ofishinmu aka ɗora wa haɗa su. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma yi wa kowa komai. Ko gobara ka ce masa ta tashi a bene na biyu, zai gyara tabarau ya ce, "To, za mu duba." Sunan da muke kiransa ke nan a bayan idonsa, Za-mu-duba. Ya sa aka kira taro, duk ranar Talata ƙarfe goma, har sai an warware.

Talatar farko an yi shiri na gani na faɗa. An kawo kek da lemo mai sanyi, an kunna na'urar sanyaya ɗaki tun ƙarfe takwas. Injiniya ya zo da kansa, Dakta ta zo da kanta. Sai ga mataimakin Daraktan Ruwa ya shigo yana murmushi, riƙe da ambulan. Ƙa'idar ofishinmu ce, duk wanda ya zo a madadin wani sai ya kawo takardar wakilci, ni nake karɓa in sa a fayil. Injiniya ya dubi mutumin nan sama da ƙasa ya ce, "Shi ina yake?" Aka ce wani uzuri ne ya taso masa. Dakta ta rufe jakarta. Minti goma sha biyu aka yi, na rubuta an ɗage zaman, masu shara suka raba kek ɗin.

Talata ta biyu Injiniya da Dakta suka rama, kowa ya turo mataimakinsa. Surukin Minista ya samu labari tun Litinin, sai ya ce ai mataimakinsa ya riga ya zauna da daraktoci, ba zai sauko ya zauna da mataimaka ba, ya turo na ƙasa da shi. Kun ga yadda abin ya fara gangarowa. Duk Litinin da safe wayar teburina ba ta hutawa, sakatarorin daraktocin nan uku kowacce sai ta kira: "Anti Biro, don Allah wa za su turo gobe?" In na faɗa mata, ta ruga ta gaya wa mai ofis, shi kuma ya duba jerin ma'aikatansa ya zaɓo wanda bai kai wancan ba da mataki ɗaya. Kek ya koma biskit, biskit ya koma ruwan roba, a Talata ta huɗu ko na'urar sanyi ba a kunna ba. Shi kansa Za-mu-duba leƙowa kawai yake ya buɗe taro ya ce yana da wani zaman.

Cikin Auta kuwa bai san wani ɗage zama ba. Duk yamma in na sauka daga mota sai na biya ta gidanta, lungu biyu ne tsakaninmu. In same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan kujera, ta ce, "Sannu da aiki, Mama, yau me kuka daidaita?"

"Bakinki za mu daidaita, 'yar nema."

Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Yarinyar nan ta fi ni ƙarfin hali, ko kuma ta fi ni iya ɓoyewa. Mijinta kuwa, malamin makaranta ne, bawan Allah ya zama kamar mai binciken hanya. Ranar da ba shi da aji sai ya hau babur ya gwada wata sabuwar hanya zuwa babban asibiti, ya dawo ya ce mini a asirce, "Mama, duk ta gadar suke ɓullewa."

A Talata ta biyar ne, ina zaune ina jiran wasu jami'ai uku masu matsakaicin muƙami su gama latsa wayoyinsu, haushi ya sa na buɗe fayil na hau karanta takardun wakilcin nan da nake ta tarawa. Ban taɓa karanta su ba, huda su kawai nake in sa. Ta farko, wadda aka rubuta wa mataimakin darakta, ta ce: "Mai ɗauke da wannan takarda yana wakiltata a wannan zama, da cikakken ikon yanke shawara da sa hannu a madadina." To wannan daidai ne, mataimaki ne. Na buɗa ta biyu, haka. Ta bakwai, haka. Ta goma sha uku, wadda aka miƙo mini da safen nan, haka. Ashe sakatarorin nan tsohuwar takardar suke buɗewa a kwamfuta, su canza suna da kwanan wata, su cusa ta cikin tulin takardun da mai ofis zai sa wa hannu yana kan waya. Duk sassan uku kuma lafazinsu ɗaya, don daga wurina suka karɓi samfurin shekarun baya.

Na ɗaga kai na ce wa jami'an nan, "Ranku ya daɗe, kun san kuna da ikon sa hannu yau ɗin nan a gama maganar?"

Wallahi kamar na ce musu maciji ne a ƙarƙashin tebur. Ɗaya ya ce zai koma ya sanar, ɗaya ya ce shi sauraro kawai aka ce ya yi, ta ukun ta tuna ana jiranta a wani wuri. Na ji kamar in jefe su da biro, amma ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin tsakiya yana da ƙarin girma da yake jira, ba zai shiga gaban darakta ba.

A motar haya ina komawa gida na yi ta juya abin. In taron nan ya ci gaba da gangarowa, ina zai tsaya? Sai na hango fuskoki uku. A Ayyuka, can ƙasa, akwai mai kula da sito, Baba Mai Makulli, wanda makullin duk ginin da ba a buɗe ba yake rataye a allonsa. A Ruwa akwai Mai Famfo, babban masu jona bututu, mutumin da ban taɓa gani da tsabtataccen hannu ba. A Lafiya akwai Sista, tsohuwar ungozoma da ta taɓa mayar wa Dakta magana a gaban mutane, aka cire ta daga ɗakin haihuwa aka ajiye ta a wani lungu tana tsara wa ma'aikata ranakun aiki da wuraren da za su je. In aka bar abin ya tafi da ƙafarsa, sai an yi Talata biyar ko shida kafin a iso kansu, Auta kuwa ba ta da Talata shida.

Ranar Litinin sakatariyar Injiniya ce ta fara kira.

"Anti Biro, wa Ruwa za su turo gobe?"

Na rage murya na ce, "Ke, ni ban ce komai ba fa. Amma na ji ƙishin-ƙishin Mai Famfo za su turo."

"Mai Famfo? Mai Famfon da na sani? Tabɗi! Yau Injiniya sai ya fasa tebur."

"Ai raini ne ƙarara. In ni ce shi, Baba Mai Makulli zan tura musu, ya zo da silifas ɗinsa ya zauna."

Ta kashe waya tana ƙyalƙyala dariya. Bayan minti ashirin ta Ruwa ta kira, na ce mata na ji mai sito Ayyuka za su turo, kuma ban san wanda ya dace da mai sito ba in ba mai famfo ba. Ta Lafiya kuwa ba ta ba ni wahala ba, ina ambaton tsofaffin nan biyu ita da kanta ta ce, "Ai kuwa Dakta ta samu inda za ta jefa Sista." Kafin azahar ƙaryata ta zama gaskiya, amma duk da haka na yi istigfari.

Saura shugabana. Na shiga na gaya masa waɗanda za su zo. Ya cire tabarau ya ce, "Ni in zauna da mai famfo? Haba, Anti Biro. Ki riƙe zaman kawai, ki ɗage shi."

"To, ranka ya daɗe, ƙa'ida ce a rubuce, kar a ce ofishinmu ne ya fara karya ta."

Na miƙa masa irin takardar nan da sunana a kai. Ya sa hannu yana tambayata ko an gyara injin kwafi.

Talata ƙarfe goma saura kwata Baba Mai Makulli ya iso, da silifas ɗin kuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, wai shekara talatin da ɗaya yana aiki bai taɓa taka kafet ɗin nan ba. Mai Famfo ya shigo ya shimfiɗa jarida a kan kujera kafin ya zauna. Sista ta zo daga ƙarshe, fuska a murtuke, ta jefa mini ambulan ta ce, "Gashi. A ɗage da wuri, ina da aiki."

Na bar kusurwata na zauna a kan tebur, karon farko a rayuwata. Na ce, "Ba za a ɗage ba. Kowa ya buɗe takardarsa ya karanta."

Sista ta karanta tata, ta sake karantawa, ta ɗago ta dube ni. Mai Famfo ya ce a karanta masa don ya bar tabaransa a mota, na karanta masa da ƙarfi. Ya ce, "Wato yau ni ne darakta?"

Na ce, "Har sai an tashi zaman nan."

"Ikon Allah! To ai da an kawo lemo."

Na tambaye shi me ya rage a jona ruwa. Ya ce, "Bututu ne tsawon mita goma sha biyu, Anti. Bututun yana bayan motata tun bara, har ya zama wurin zaman leburorina. Yini ɗaya ne, in ƙasa ta yi tauri yini biyu." Na juya wurin Sista. Ta ce gadaje da kayan aiki duk suna cikin ginin a kwali, ita ta ƙirga su da hannunta. Ungozoma huɗu da nas biyu an ɗauke su aiki musamman don asibitin nan, wata tara ke nan kullum su zo hedikwata su sa hannu su koma gida, ɗaya har ta koyi ɗinki. Tura su layi ɗaya ne a takardarta.

Saura Baba Mai Makulli. Yana zaune a bakin kujera yana juya hularsa. Da na dube shi ya ce, "'Yata, ni wata huɗu ya rage mini in yi ritaya. Ban taɓa samun takardar tuhuma ba ko sau ɗaya. Injiniya ba ya yafiya, kin san shi. Don ya wulaƙanta su ya turo ni, ba don in yi wani abu ba, ni ma na sani."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga dalilin da zan yaudari tsoho ba. Na ajiye biro na gaya musu komai. Na ce ni na ƙulla zuwansu da ƙarya, in abin ya ɓaci su ce ni ce. Sannan na ba su labarin gada, da na Auta, da watan da ya rage mata. Ban yi niyyar kuka ba, amma sai da na goge ido da gefen mayafi, abin kunya a gaban mai famfo.

Sista ta tambaye ni awa nawa muka yi a hanya, na faɗa mata, ta ja tsaki mai tsawo. Baba ya mayar da hularsa kai. Can ya ce, "To wa zai fara sa hannu? Don in ni na fara, sai a ce Ayyuka sun sunkuya."

Mai Famfo ya ce, "Baba, biro uku za a samo. Anti ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, mu dangwala tare."

Haka kuwa aka yi, amma ba a ɗakin ba. Na rubuta cewa zaman ya koma wurin aiki don gani da ido, muka biya sito Baba ya ciro makullin, muka cusu a motar Mai Famfo, ni da Sista a gaba, Baba a baya a kan bututun yana riƙe da hula. Da muka isa awaki suka tashi suna kallonmu kamar mu ne baƙi. Kwaɗon ya yi tsatsa, makulli ya shiga ya ƙi juyawa. Mai Famfo ya ɗiga masa mai, ya ɗan buga shi da sifana, Baba ya yi bismillah ya murɗa, sai ji muka yi ƙas. A kan bencin siminti aka shimfiɗa takardar miƙa gini, na ƙirga, suka sa hannu tare. Na sa nawa a ƙasa a matsayin shugabar zama.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Mata suka fito da tsintsiya da bokiti ba wanda ya kira su. Auta ma ta taho tana tafiya kamar agwagwa, wai za ta yi shara, Sista ta daka mata tsawa ta zaunar da ita a benci, ta kama hannunta tana duba idonta. Washegari da yamma famfo ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa, ja da farko, sannan fari. Ranar Alhamis ungozomomi suka kama aiki.

Bayanin taron kuwa, ban taɓa rubuta mai sauƙinsa ba. Ban ɓoye komai ba, na rubuta wanda ya zo, da abin da aka yanke, da abin da aka yi, na liƙa kwafin takardun wakilci, na aika wa kowane darakta nasa aka sa mini hannun karɓa. Ƙa'ida ta ce in kwana bakwai suka wuce ba wanda ya kawo gyara, bayani ya zauna. Kwana bakwai ɗin nan ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa, duk wayar da ta yi ƙara sai in ce shi ke nan. Amma na san mutanena. Shekara ashirin da shida ina aika musu bayanin taro, ban taɓa jin wanda ya wuce shafin farko ba, shafin farko kuwa sunayen waɗanda suka ba da uzuri ne.

A rana ta tara aka yi haihuwar farko a asibitin, matar wani mai gyaran rediyo. Mutumin nan murna ta ɗebe shi, ya kira shirin safe na gidan rediyo ya yi ta zuba wa Minista godiya, da shugaban jam'iyya, da duk wanda ya tuna. Ƙarfe tara da rabi Za-mu-duba ya aiko a kira ni. Na same shi a tsaye, bayanin taron a hannunsa, yau dai ya karanta. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Anti Biro, kin san abin da kika yi? Injiniya ya kira ni sau uku. Surukin Minista yana ta ihu wai an yi masa juyin mulki da mai famfo. Ni na ce ki ɗage zama, ke kuma kin je kin buɗe asibiti!"

"Ranka ya daɗe, takardarka ta ce in yanke shawara."

"Wace takarda?"

Na nuna masa sa hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, wayar teburinsa ta yi ƙara. Ya ɗauka a fusace, sai na ga ya miƙe tsam ya ɓalle maɓallin riga ya sake ɓallawa. Babban Sakatare ne. Ina jin muryarsa daga inda nake, yana cewa Minista ya ji rediyo ya ji daɗi, wannan shi ne irin haɗin kan da ake so, a rubuto masa yadda aka yi don sauran ofisoshi su koya. Shugabana sai "Na gode, ranka ya daɗe" yake, "ai aikinmu ne, mun daɗe muna bibiyar abin." Da ya ajiye wayar ya zauna, ya goge tabarau, ya dube ni ya ce, "Ai dama na ce miki za mu duba."

Kafin sati ya zagayo kowane darakta ya sa an rubuta cewa shi ya tura amintaccen ma'aikacinsa da cikakken iko don a gaggauta aikin. Baba Mai Makulli har takardar yabo ya samu, ya sa ta a gilashi. Ni dai Injiniya bai haƙura da ni ba, ya matsa sai da aka ba ni takardar tuhuma kan maganar da na gaya wa sakatariyarsa, aka kafa kwamitin sassa uku da zai zauna a kaina. Sun yi zama biyu, ba su daidaita kan wanda zai shugabanta ba, kuma ni nake rubuta musu bayanin taro don babu wani mai yi.

Wata ranar Laraba da misalin ƙarfe takwas na safe, na saka takalmi ke nan zan fita ofis, mijin Auta ya faɗo gidan ba sallama. "Mama, ta fara!" Na jefar da jakar a tsakar gida. Na same ta a bakin ƙofarta ta dafa bango, gumi a goshinta. Ya ce bari ya nemo mota, ta ce, "Wace mota? Ni da ƙafata zan je." Na riƙe ta ta dama, ya riƙe ta ta hagu, muka taka. Sau biyu muka tsaya ta numfasa, sau ɗaya a gaban shagon mai aski, sau ɗaya a jikin katangar makaranta. A na biyun ta matse hannuna ta ce, "Mama, tsoro nake ji." Wannan ne karon farko da ta faɗa tun da ta samu cikin. Na ce, "Ni ma, Auta. Amma ɗaga kai ki gani, ga ƙofar can a buɗe."

Ungozomar da ta koyi ɗinki ce ta karɓe ta, ta ce mu jira a waje. Na zauna a bencin siminti, mijinta yana ta kai da komo har sai da na ce ya zauna kafin ya haƙa rami. Ina jin ƙarar famfo a ciki ana wanke hannu. Ƙarfe goma sha ɗaya saura, na ji kukan nan siriri mai kaifi, ya tsaya, ya sake tashi da ƙarfi. Ina zaune a bencin ina ta hamdala hawaye na zuba, ban ko damu da masu wucewa ba.

Ungozomar ta leƙo ta ce, "Wace ce kakar? Mace ce, lafiya lau su biyun. Ki wanke hannu ki shigo."

Na shiga na wanke hannu har gwiwa. Auta tana kwance, ta gaji liƙis amma idonta biyu, jaririyar a ƙirjinta an lulluɓe ta da farin zane. Ta matsa mini gefen gadon na zauna, ta ɗora mini ita a cinya.